Kan Yumɓun da Aka Hana Ni Fafewa

Ku yaran nan da kuke cika min gareji ranar Asabar, ku kuka jawo wannan dogon bayani, don haka sai ku haƙura ku ji shi har ƙarshe. Nafisa ce ta fara, 'yar wajen Alhaji Mumuni mutumin Kumasi. Ta miƙo min wayarta ta nuna min bidiyon wani saurayi da ya dafe curin yumɓu a kan tebur, kafin in gyara zaman tabarau har ya fitar da fuskar mutum, da gira da komai. Ta ce, rabi da Hausa rabi da Turanci, wai ashe abin ba shi da wuya, ita ma a hutun nan za ta yi kan kakarta. Na tambaye ta ko an nuna inda aka gasa shi. Ta ce a'a, nan bidiyon ya ƙare. Ai dole ya ƙare a nan, 'yata. Da sun sa wannan curin a wuta yadda yake, da hancin sai a gidan maƙwabta za a tsinto shi.

Sana'ar sunanta terakota, wato gasasshiyar ƙasa, kuma na haura shekara talatin ina yin ta a garin nan na Greensboro. Fitar da siffa ɗan guntun aikin ne kawai da ido ke gani. Sauran duk a ciki yake, inda ba mai leƙawa.

Tukunyar farko da na taɓa a ƙasar nan ba ni na gina ta ba. Lokacin ina lodi a wani sito a titin Wendover, sabon zuwa, ko rigar sanyin kirki ba ni da ita. Aka tura ni da mota in kwaso tukwanen fure daga wani ɗan shago a bayan layin dogo. To ni ɗan magina ne. Innata, Allah ya jiƙanta, randa da tulu take ginawa a ƙauyenmu can wajen Zariya, kuma a gidanmu ba a ɗaga tukunya sai an ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. Lafiyayya tana amsawa da zaƙi, sautin ya ɗan daɗe yana yawo a cikinta. Mai tsaga kuwa, ko da ido bai ga tsagar ba, sai ka ji kamar katifa ka buga. Ina lodi ina ƙwanƙwasawa ban ma san ina yi ba, har na ware guda ɗaya gefe. Sai ga wani gajeren tsoho, girarsa ja wur da ƙura, ya zo ya ƙwanƙwasa wadda na ware, ya kasa kunne, ya ɗaga ta ya maka da ƙasa. Na ce shi ke nan, aikina ya ƙare. Ashe dariya yake yi. Da Turancinsa, wanda bai fi nawa lafiya ba, ya ce kakarsa ma haka take yi a ƙauyensu kusa da Florence a Italiya, kuma tun da ya zo Amurka bai ga wanda ya gaisa da tukunya kafin ya ɗauke ta ba sai ni. Wannan shi ne Aldo, maigidana.

Shekarar farko ko kunnen tukunya bai bar ni na manna ba. Jar ƙasar nan da ke ɓata muku takalma, ita muke haƙowa, mu jiƙa, mu tace, mu haɗa da wata da ake kawo mana a buhu, in tattake ta da ƙafa har cinyoyina su yi tsami. Sai dakan tsingaro. Duk abin da ya fashe a shagon ba a zubar da shi, ni ke daka shi a turmin ƙarfe ya koma kamar tsakin masara, a zuba cikin sabon yumɓu don ya jure wuta. Ranar da ya nuna min wannan yana ta hura hanci wai sirrin Italiya ne, na ce masa Inna ma haka take yi, kuma ita ko sunan Italiya ba ta taɓa ji ba. Ya wuni bai kula ni ba.

Kayan aikinsa ba su cika jakar makaranta ba: 'yan sanduna da hannu ya goge har suna santsi, soso, cokalin da ya wasa wa baki, sai waya. Wayar siririya ce, kamar kamu biyu, kowane gefe da mariƙi na itacen zaitun da ubansa ya sassaƙa. Ita wayar an sauya ta ba adadi, mariƙan kuwa su ne dai. A ƙusa take rataye kusa da taga, kuma in ka mayar da ita wani wuri ka shiga uku.

Tun ranar farko na gaya masa ni Musulmi ne, ba zan fitar da fuskar abu mai rai ba. Na zaci zai ce in kama gabana. Ya ɗaga kafaɗa ya ce a shagon kakanninsa ma akwai mai fuska, akwai mai ganye, akwai mai wuta, kuma mai fuska ya fi kowa baki amma mai wuta ke ciyar da gidan. Haka muka raba aikin. Shi fuska da hannaye, ni ganye da lemo da inabi, sai fafewa da gasawa. Duk da haka a masallaci ban tsira ba. Alhaji Mumunin nan, uban Nafisa, shekara da shekaru Haladu mai gumaka yake kirana, har sai da matarsa ta ga randar da na gina wa Hajiyata, ta sa shi ya zo da kansa yana sosa ƙeya.

Akwai wata oda daga unguwar Sedgefield da ba na mantawa. Wata mata mai gida a bakin filin golf ta sa muka yi mata babban faifai na mannawa a bango, uwa da jariri a tsakiya, lemo da ganye sun kewaye su. Da muka kai mata ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ya yi kyau, amma ko za mu shafe shi da farin fenti ya yi kama da farin dutsen nan mabul, kada baƙi su ɗauka dangin tukunyar fure ne. Muna shiga mota Aldo ya ɓarke. Daga nan har shago faɗa yake yi, ni ina tuƙi, kuma a cikin faɗan na fara jin tarihin sana'ar. Ya ce a zamanin da Turawa ke kira na farfaɗowa, shekara ɗari biyar da wani abu baya, manyan gwanayen da ake zuwa Italiya kallon aikinsu na dutse da tagulla duk da yumɓu suke fara tunani. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa barin yumɓun ba. Su ne suka gina mutum-mutumi masu tsayin mutum, mata suna kuka a kan gawa, baki buɗe, mayafi na tashi, irin motsin da dutse ba ya yarda da shi. Ya ce suna nan a lungun ƙananan coci-coci, masu yawon buɗe ido na wuce su a guje zuwa wajen farin dutse, don kawai ƙasa ce, kowa yana taka ta. Mu dai ba mu shafa wa matar fentin ba. Na ji daga baya ta sa wani ya yi mata.

Sau ɗaya tak aikin wancan zamanin ya shigo shagonmu. Wani likita mai tara kayan da ne ya kawo kafaɗar wani mutum-mutumi da ta rabu biyu a hanya. Aldo ya kwantar da ita a kan bargo ya kira ni, ya juyo min cikinta. Duk bangon cikin sawun yatsu ne, layi-layi, inda wani ya kwashe yumɓun yana ɗanye. Ya kama hannuna ya sa yatsuna a cikin sawun. Suka zauna daidai, har inda ɗan yatsan mutumin ya zame. Ya ce wannan ba mai fuska ba ne, irina ne, ba wanda ya rubuta sunansa, amma ba don shi ba da abin bai fito daga wuta ba. Daga ranar na daina ce wa mutane leburanci nake yi a shagon wani Bature.

To ga abin da bidiyon Nafisa ya yanke. Kan mutum ana gina shi ne cike, a jikin turken katako. Ba a sa shi a wuta haka, don ruwan da ke can tsakiya ba shi da hanyar fita, zai tafasa ya tarwatsa shi. Sai ka jira ya sha iska har ya kai taurin sabulun wanki, ka ɗauko waya ka ɗora ta bisa kai daga kunne zuwa kunne, ka ja, ƙeyar ta fita kamar yadda ake fafe duma. Ka ƙwaƙule cikin da cokali har bangon ya zama kaurin babban yatsa ko'ina, ka zare turken, ka mayar da ƙeyar ka liƙe da kunun yumɓu, ka shafe tabon. Kuma lokacin yin haka ƙanƙane ne. In ka yi gaggawa, fuskar ta lotsa a hannunka. In ka yi jinkiri, yumɓu yana bushewa yana tsukewa, katakon ciki kuwa ba ya tsukewa, sai wuya ya tsage.

Shekarar da kasuwar gidaje ta faɗi ita ce muguwar shekararmu. Masu manyan gidaje a unguwar Summerfield, waɗanda ke yi mana odar tukwanen bakin ƙofa, suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wayar shago ta yi shiru har nakan ɗaga in ji ko an yanke ta ne. Ma'aikatan da muke da su muka sallame su, ya rage daga ni sai shi. A shekarar kuma Rosa, matar Aldo, ta rasu. Ita ce mai aiko mana da abincin rana, nawa dabam a kwano mai shuɗin murfi, don ta san abin da ba na ci, kuma ba ta taɓa kuskure ba.

Ba a daɗe da binne ta ba na zo na tarar ya kafa turke yana ɗora yumɓu. Kanta yake ginawa, ba hoto a gabansa. Duk lokacin zafin nan yana kan aikin, ya yi, ya rushe, ya sake. Bai mayar da ita budurwa ba. Ya yi ta yadda muka san ta, da naman wuyanta, da yadda take karkata kai in tana jira ka gama shirga mata ƙarya. Da ganye ya fara zuba ya ce ya gama, kuma ban taɓa ganin ya yi aiki kamar wannan ba. Ya rufe kan da jiƙaƙƙen zane da leda, ya ce in ya yi tauri mu fafe tare. Kafin ya yi taurin, Aldo ya faɗi a gida. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke.

Da yumɓun ya kai, na ga ba batun jira. Na ɗauko waya, na yi bisimilla, na ɗora ta a kan. Daidai nan Carla ta shigo, 'yarsu ɗaya tilo, malamar makaranta da ke aure a Summerfield, ta zo ɗaukar wa ubanta kaya. Abin da ta gani shi ne ni tsaye da waya a kan uwarta da ta binne bana. Ta wanke ni tas. Na yi mata bayanin ruwa da turke da wuta, irin wanda na yi muku yanzu, amma ina, ko saurara ba ta yi ba. A shagon ta yi rarrafe, sai dai uban bai taɓa bari ta ga wannan ɓangaren aikin ba.

"Ba wanda zai taɓa shi sai babana ya warke," in ji ta. "Shi ya yi, shi zai faɗi yadda za a yi da shi."

Ban ga laifinta ba. Amma likitoci ba su ce zai warke ba, yumɓun kuma bushewa yake yi. In kan nan ya lalace, ya lalace ke nan. Hannun da ya yi shi ya mutu, ni kuma ba na yin fuska, ko ina yi ma ban isa ba.

Haka na shiga reno. Kullum da safe in buɗe leda, in fesa ruwa, in sauya zane, in rufe. Ruwa ya yi yawa, fumfuna ta fara fitowa a kunne. Na rage, sai leɓe ya fara fari. Sanyi ya shigo, ga shagon rufin kwano ne, kuma ɗanyen yumɓu in ya daskare sau ɗaya ya tashi aiki. Na ɗauko hitar da ke ɗumama ɗakinmu na kunna masa, Hajiya tana ta mita wai yanzu ƙasa ta fi ta jin sanyi. Duk da haka wata safiya na ɗaga zanen na ga tsaga siririya kamar zare a bayan wuya. Na kira Carla na gaya mata, ta ce in ƙara ruwa.

Hajiya ce ta warware mana. Ina ba ta labari ina huci, tana yankan kubewa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, kai da yarinyar nan kuna ta ja-in-ja a kan kayan mutum, mai kayan kuma yana nan da ransa," ta ce. "Bakinsa ne ya mutu, ba idonsa ba. Ku kai shi mana."

Carla ta yi ta jan ƙafa saboda sanyi, daga baya ta yarda. Muka ɗauko shi daga gidan jinya da hantsi a keken marasa lafiya, an naɗe shi da bargo, ya rame ya koma rabinsa. Na tura shi gaban tebur na yaye zanen. Ya daɗe yana kallon fuskar. Sannan ya miƙa hannun hagu ya shafa bayan wuyan, babban yatsansa ya tsaya cak a kan tsagar. Ya juyo ya watsa min wata harara irin ta shekarar da nake tattaka ƙasa. Wallahi daɗi na ji, don na san mutumin yana nan ciki bai je ko'ina ba. Ya nuna ƙusar da ke kusa da taga.

Na miƙa masa wayar. Ya kama mariƙi ɗaya, ɗayan yana lilo. Wayar nan hannu biyu take so, shi kuwa ɗaya ya rage masa. Na matsa zan kama, ya girgiza kai. Ya dubi Carla.

"Papa, ba zan iya ba," ta ce.

Bai sauke hannun ba. Mariƙin yana ta lilo a tsakaninsu, har sai da ta miƙa nata ta kama. Ni na daidaita musu wayar daga kunne zuwa kunne, na tallafe ƙeyar da hannu biyu, na ce su ja tare, kada wani ya riga wani. Carla ta rufe ido. Wayar ta shige shiru, ƙeyar ta sauko a hannuna. Da ta buɗe ido ta leƙa, ba komai a ciki sai jar ƙasa da kan turke, fuskar kuwa tana nan yadda take, a ɗan karkace. Ta yi wata 'yar dariya da hawaye, ta ce in ba ta cokalin.

Mun wuni muna ƙwaƙulewa. Ita tana kwasa, ni ina auna kauri da yatsu, ɗaya ciki ɗaya waje, tsohon yana buga hannun keke in ta yi zurfi. Da muka zare turken na ɗinke tsagar daga ciki. Kafin in mayar da ƙeyar ya sa na matso masa da teburin, ya zura hannunsa na hagu ya ja yatsu a bangon ciki. Ya kamo hannun Carla ya sa ta yi. Sannan ya dube ni. Na ce masa ai nawa sun riga sun cika wurin. Bai ɗauke ido ba sai da na sake.

Kan ya sha makonni yana bushewa a inuwa. Ban taɓa tada wuta a hankali kamar ta wannan karon ba, kuma tsoro na ji sosai, don tsagar da aka ɗinke ba ka sanin ta kama sai ta shiga wuta ta fito. Da tanderun ya huce muka sake ɗauko Aldo. Na fito da kan, ya koma launin tulun Inna. Ido bai ga tsaga ba, amma ai na gaya muku ido ba ya gani. Na ɗora masa a cinya. Ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa goshin, ya kasa kunne. Sautin ya tashi da zaƙi, ya daɗe yana yawo. Ya nuna wa Carla ta yi, ta yi. Shi ne abu na ƙarshe da aka gasa a shagon.

Kafin zafi ya dawo an rufe wurin, yanzu mota ake wankewa a can. Aldo ma bai daɗe ba. Carla ta ba ni kayan aikin da ƙaramin tanderun, shi ne wannan da kuke jingina da shi kuna danna waya. Wayar mai mariƙin zaitun ga ta can a ƙusa, kuma duk wanda ya mayar min da ita wani wuri ya shiga uku. Nafisa, in har kan kakarki za ki yi, wannan tsakaninki da ubanki da malamanku, ni ba ruwana da fuska. Amma ki zo da tsofaffin kaya, don da tattaka ƙasa za ki fara, kuma ranar yanka ba ni zan yanka miki ba.

Kan Rosa yana Summerfield, a kan wani ɗan tebur kusa da ƙofar fita. Bara da na kai wa Carla tukwanen tumatir na gan shi, goshin ya yi ɗan sheƙi a wuri ɗaya, inda hannu ke yawan taɓawa. Na tambaye ta. Ta ce kullum in za ta fita aiki sai ta ƙwanƙwasa. Ni da halin sana'a, na ce to ta riƙa kasa kunne, in ta ji sautin ya canza ta kira ni maza.

"Bai canza ba, Haladu," ta ce. "Kullum tana amsawa."